Yanka Charger R/T mai takardu don a sa mata injin zamani: gyara ne ko ɓarna?

Sani Michigan:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya game da wannan yayi na restomod, wato sa wa tsohuwar mota kayan zamani, ina so mu tattauna shi tsakani da Allah. Ni ba na ƙin a ɗauki tsohuwar mota a sa mata sabon inji da sabon birki da AC. Damuwata ita ce wace mota ake ɗauka a yi wa hakan.

A wani gareji da ke kusa da mu na tarar da Dodge Charger R/T ta 1969 (R/T shi ne samfurinta mai babban inji), mai inji 440 (lambar girman injin ce) da giyar hannu huɗu. Injinta na asali ne, lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta motar. Ɗan farantin ƙarfen da kamfani ke maƙalawa a cikin bonet yana nan, har takardar haɗa motar da ake cusawa a cikin sifirin ɗin kujerar baya an same ta, ta yi ja ta fara ruɓewa a gefe amma ana karanta ta sarai. Mai motar ya ce Hellcrate yake so, wato sabon injin nan na Mopar, sashen kayan gyara na masu ƙera Dodge, mai lita 6.2 da sufacaja (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska), mai ƙarfin doki 707. An riga an sa giranda an yanke ƙasan motar daga gaba har baya domin a zaunar da ita a kan sabon shasi, an faɗaɗa ramukan tayoyin baya. Injin 440 ɗin kuwa yana bayan gareji a kan tsohuwar taya, an rufe bakinsa da tsumma, ruwan sama yana dukan sa.

Motar nan ta tsallake shekara hamsin da ɗoriya ba a raba ta da injinta ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Abba Kano:
Wa alaikumus salam. Yaya Sani, ni sabon shiga ne a harkar, a bidiyo kawai nake ganin motocin. Ta yaya ake gane cewa inji na asali ne? Ai 440 duk 440 ne.

Sani Michigan:
Ba ɗaya ba ne ƙanena. Tun daga wajajen 1968 ana buga wani ɓangare na lambar mota a jikin bulok ɗin inji da kuma giyabos. Idan lambobin suka dace da wadda ke kan dashbod, to da wannan injin motar ta fito daga masana'anta. Ita kanta lambar tana ba da labari. A Charger ta 1969, idan ta fara da XP29 ta gama-gari ce, XS29 ita ce R/T, XX29 kuma Daytona ce ko Charger 500. Harafi na biyar shi ke faɗin inji: F na nufin 318, L na nufin 440, J kuwa Hemi 426. Wadda nake magana a kai XS29L ce. Masu Ford suna da abin da ake kira Marti Report, wanda ke fito da bayanan kamfani na motocin 1967 zuwa sama, masu Pontiac kuma suna da irinsa da ake kira PHS.

Injiniya Bashir Houston:
Malam Sani, na ji ka, amma bari in faɗi nawa. Da farko, Charger R/T ta 1969 an ƙera wajen dubu 20. Wannan ba Daytona ba ce da aka yi 503 kacal, ba kuma Camaro ZL1 ba ce da aka yi 69. Idan duk motar da ke da harafin R/T ko SS (takwararsa ta Chevrolet) a jikinta ta zama abin da ba a taɓawa, to an rufe harkar gaba ɗaya.

Na biyu, su wa suka fara yanka motocin nan? Carroll Shelby ya ɗauko AC Ace daga Ingila ya cusa mata V8 na Ford a 1962, aka samu Cobra. Don Yenko a Pennsylvania yana karɓar Camaro sabuwa fil a 1967, ya cire injinta ya sa 427. Boss 429 da ake yi wa kallon abu mai tsarki a yau, Ford da kanta ta riƙa tura Mustang zuwa kamfanin Kar Kraft a yanke mazaunin shokazoba na gaba a matsar da shi, saboda injin ya fi ramin faɗi. Aikin da ake yi yau don a sa Coyote, injin V8 na zamani na Ford, a tsohuwar Mustang kusan shi ne wancan. Pontiac GTO ɗin 1964 ma, John DeLorean da abokan aikinsa sun sa inji 389 a ƙaramar Tempest ne ta hanyar zagaye dokar GM da ta hana babban inji a matsakaiciyar mota. Asalin motocin nan ke nan, a ɗauki abin da ke akwai a ƙara masa wuta.

Na uku, ka taɓa tuƙa irinta a Houston a watan Agusta cikin cunkoso? Fetur yana tafasa a cikin kafireta, ka kashe ta a gidan mai ta ƙi tashi sai ta huce. Man yanzu akwai etanol a ciki, yana cinye robobin da aka yi don man da. Ba ta da giyar hutawa, wato giyar sama da ke rage wa inji juyi, ka hau babban titi inji yana ta ihu yana shan mai. Ƙarshenta mai ita ya jefa ta gareji ya rufe da tamfol, sau biyu a shekara a ɗora ta a tirela a kai wurin baje koli. Ni a wurina motar da ba a hawa ta riga ta mutu.

Alhaji Garba:
Salamu alaikum 'ya'yana. Ni na ga motocin nan lokacin da ba wanda ya damu da su. Ina karatu a Ohio a tsakiyar shekarun 1970, bayan ƙasashen Larabawa sun sa takunkumin mai a Oktoban 1973. Layi ake yi a gidajen mai, gwamnati ta ƙayyade gudu zuwa mil 55 a awa a 1974, kamfanonin inshora kuma tun kafin nan sun tsauwala kuɗi a kan duk saurayin da ke da babban inji. Sai kowa ya koma neman ƙaramar Toyota ko Datsun ko Volkswagen. Road Runner da GTO da Chevelle SS suna jibge a filayen 'yan gwanjo, ɗalibai ne da masu ƙaramin ƙarfi ke sayen su don arha.

Kuma wanda ya saya ba ya tausaya mata. A yi tsere da ita har inji ya fashe, a je bola a ɗauko wani a sa. A cire salansar kamfani a jefar. Gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasanta cikin 'yan shekaru, har ka ga titi ta ƙarƙashin ƙafarka. Superbird ɗin 1970 mai dogon hanci da fiffike, wadda aka yi don direban tsere Richard Petty ya dawo kamfanin Plymouth, wasu sun daɗe a wurin dillalai ba mai saye saboda mutane suna ganin ta yi muni.

To abin da nake so Injiniya ya duba, dubu 20 ɗin da ka ambata adadin da aka ƙera ne, ba adadin da ya rage ba. Wadda ta kawo yau da injinta da giyabos ɗinta da takardarta, Allah ne kawai ya tsare ta. Sai dai kuma zan ba ka gaskiyarka a kan birki. Da yawansu birkin ganga ne ƙafa huɗu, ka taka da ƙarfi sau biyu ko uku ya yi zafi ya daina kamawa. Tayoyin wancan zamanin ma ba sa riƙe titi idan an yi ruwa. Na san gidajen da suka yi makoki a kan haka.

Injiniya Bashir Houston:
Ranka ya daɗe Baba, wannan magana ta birki ita ce tawa. Ba zan sa iyalina a motar da ke da ƙarfin doki 375 da birkin ganga ba don kawai wani alƙalin baje koli ya ba ni maki.

Hajiya Rabi Atlanta:
Injiniya, a nan zan tsaya da kai, don aikina ke nan, ƙiyasta darajar motoci don inshora. Birki mai faranti na Wilwood ko Baer, da tayoyin zamani, da bel mai ratsa kafaɗa, duk suna rage haɗari, ba musu. Amma kada a fake da iyali a sa doki 707. A 2009 cibiyar gwajin haɗarin mota ta IIHS ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009 karo gaba da gaba. Tsohuwar ta murƙushe har wurin zaman direba, sitiyari ya yi cikin mutum-mutumin gwaji, sabuwar kuwa ɗakinta ya tsaya. Motocin ƙarshen 1960 sun ɗan fi Bel Air, an fara sa musu sandar sitiyari mai lanƙwashewa, amma ba jakar iska, ba a kuma tsara gabansu don ya shanye karo kamar na yanzu ba. Ka ninka ƙarfin inji sau biyu a cikin wannan bodin, abin da ka ƙara shi ne gudun da za a yi karon da shi.

Sai maganar kuɗi. Manyan motoci masu tsada ba sa cikin haɗarin yanka ko kaɗan. Hemi 'Cuda mai buɗaɗɗen rufi ta 1971, wadda ba a yi fiye da goma sha 'yan kai ba, an sayar da ɗaya dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum na Seattle a 2014. Shelby GT500 Super Snake ta 1967, ita kaɗai ce tilo, ta kai miliyan 2.2 a 2019. A Janairun 2020 an sayar da koriyar Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim dala miliyan 3.74, da tsatsarta da dusashen fentinta, kuma rashin taɓa ta ɗin yana cikin abin da ya ɗaga ta. Ba mai hankalin da zai kai wa waɗannan giranda.

Na ƙasa su ma ba matsala. Mustang mai silinda shida ko Charger mai 318 idan aka yi mata aiki mai kyau darajarta hawa take yi, shi ya sa kake ganin irinsu suna kai manyan kuɗi a gwanjon Barrett-Jackson na Scottsdale. Inda ake zubar da jini shi ne tsakiya: R/T 440, SS 396, Mach 1, Road Runner 383, GTO ta gama-gari. Suna da tarihi, amma kuɗinsu bai kai ya tsorata wanda zai kashe dala dubu ɗaruruwa a kan aiki ba. Kuma irin wannan mai kuɗin da gangan yake neman mota mai lafiyayyen jiki, saboda gyaran tsatsa ya fi komai cin lokaci da kuɗin leburanci. Ka ga ke nan wadda ta fi cancanta a bari ita ce ta fi jan hankalin mai yanka.

Musa Yamai:
Ni dai tambayata ɗaya. Motar nan ba tasa ba ce? Da kuɗinsa ya saya, ba sata ya yi ba. Idan ku kuna son a adana ta, ku haɗa kuɗi ku saya mana.

Sani Michigan:
Malam Musa, ba wanda ya ce ya karya doka, ba kuma wanda ya ce a kama shi. Halalinsa ce. Amma abin da mutum ke da ikon yi daban, abin da ya dace daban. Da ya sa motar nan a kasuwa yadda take, kuɗin da zai samu zai saya masa Charger mai 318 har ya rage canji na fara aiki. In an gama, ba mai iya bambance su a titi, don duk abin da ya sa ta zama R/T an riga an cire. Shi bai ƙaru da komai ba, sauran jama'a kuma an rage musu guda.

Kuma Injiniya, misalin Shelby da Yenko bai zauna ba. Lokacin da Yenko ke cire inji daga Camaro, masana'anta tana fitar da wasu dubbai a bayansa. Camaro sama da dubu 240 aka yi a 1969 kaɗai, Mustang sama da dubu 600 a 1966. Ya lalata ɗaya, gobe tirela ta kawo goma. Yau wa zai kawo maka wata XS29L?

Oga Ɗanlami Panteka:
Gaisuwa ga manya. Ni bakanike ne a Kaduna, ban taɓa kwance Charger ba, amma na san abin da ake magana a kai. 504 da PAN ta riƙa haɗawa a garin nan tun shekarun 1970, mu da hannunmu muka gama da su. Mun canza musu inji, mun yi musu walda ta ko'ina, mun farfasa wasu mun sayar da kayan, don a lokacin ba wanda ya ɗauka za su ƙare. Yau ka nemi guda mai tsabta da komai nata na kamfani ka ga wahalar da za ka sha.

Abin da zan ce a matsayin mai riƙe sifana: aiki iri biyu ne. Akwai na noti da kusa, akwai na giranda da walda. Duk abin da ka kwance da sifana za ka iya mayarwa, in dai ka adana kayan. Ka cire kafireta ka sa injekta irin Holley Sniper da ke zama a mazaunin kafiretar, ka sa birki mai faranti a gaba, ka canza lagireto, ka sa wutar lantarki a madadin kwantak, duk wannan ɗanka zai iya warwarewa cikin 'yan kwanaki. Amma ranar da ka yanke ƙasan mota, musamman irin waɗannan da na ji an ce bodi da shasi a haɗe suke, to ka gama. Ko fanalbita ya fi kowa iyawa, sabon ƙarfe zai sa, ba nata ba.

Sannan wani abu da masu son zamani ba sa lissafawa. Kafireta mai shekara 50 idan ka kawo mini, in wanke ta in canza mata gasket da allura ta tashi. Birenbos fa? Motocin da suka shekara 20 ma yanzu muna fama da nemo musu nasu, in ya ƙone sai an jira na Beljiyam. Wanda ya cika tsohuwar mota da kwamfuta da allon taɓawa, nan da shekara 25 wa zai gyara masa?

Injiniya Bashir Houston:
Oga Ɗanlami, Allah ya ƙara basira, rabon da ka yi na sifana da giranda na karɓa. Amma a kan birenbos ban yarda ba. Injin LS na GM an yi miliyoyinsa tun 1997, a motocin ɗaukar kaya da na gida, kamfanoni da yawa kuma suna yin kwamfutarsa. LS3 sabo a akwati doki 430 yake bayarwa, kuma da ma'aunin yanzu. Kada a manta kafin 1972 ana auna ƙarfin inji ne tsirara, ba salansa ba fanka ba komai, shi ya sa lambobin da suke da girma a takarda. Kayan LS sun fi na 440 sauƙin samu yau, kuma haka zai ci gaba.

Kuma akwai aikin da ba ya yiwuwa da sifana kaɗai. Giyabos ɗin Tremec mai giya shida ba ya shiga ramin yawancin tsofaffin motocin nan sai an buɗa shi. Taya mai faɗin da za ta riƙe doki 500 ba ta shiga ramin baya sai an faɗaɗa. Ku je baje kolin SEMA a Las Vegas a watan Nuwamba ku ga aikin Ringbrothers na Wisconsin, ko Charger ɗin SpeedKore mai jikin zaren kabon. Wannan sana'a ce ta gaske, ƙwararrun maƙera ne da masu zane, kuma su ne ke jawo matasa irin su Abba cikin harkar. Yaro ɗan shekara 20 ba ya zuwa kallon alamar alli da ma'aikacin masana'anta ya yi a jikin aksul.

Hajiya Rabi Atlanta:
Ba wanda ya raina sana'arsu. Giya biyar ta Tremec TKX ma an yi ta siririya ne musamman don ta shiga da ɗan gyara kaɗan ko ba gyara, ga mai son giyar hutawa ba tare da yanka ba. Amma ka tuna yayi yana wucewa. A shekarun 1980 abin da ake ji da shi shi ne a yanke bayan mota a cusa tayoyin tsere masu faɗin gaske, a yi mata fenti ruwan hoda ko shuɗi mai haske, a fito da sufacaja ta saman bonet. Masu su sun kashe dukiya. Yau irin waɗannan sai an sha wahala ake rabuwa da su, kuma a cikinsu akwai SS da R/T na gaske da ba za su dawo ba. Bayan wani fim na shekarar 2000 kuma, Mustang fastback na 1967 da 1968 masu yawa aka liƙa wa kayan roba aka yi musu fenti ruwan toka duk iri ɗaya. Rim mai inci 20 da fitilun LED na yau su ma za su tsufa. Motar da aka bari yadda kamfani ya yi ta ba ta fita yayi, don ba yayi take bi ba.

Abba Kano:
To ni abin da ban gane ba, tunda ana yin sabbin kaya, me ya sa ba za a ƙera sabon jiki gaba ɗaya ba a bar tsofaffin?

Sani Michigan:
Ana yi. Dynacorn na sayar da sabon bodi cikakke da lasisin kamfani, na Mustang da Camaro da Chevelle da Challenger. Revology a Orlando sabuwar Mustang irin ta shekarun 1960 suke haɗawa da injin Coyote. A 2015 majalisar Amurka ta yi dokar da ta ba ƙananan kamfanoni damar sayar da irin waɗannan har 325 a shekara, ko da yake sai 2022 aka kammala ƙa'idojinta. Ga Charger kuma, Auto Metal Direct na buga kusan kowane falle na jikinta, don haka ruɓaɓɓiyar 318 da aka tsinto a gona za ta iya tashi.

Injiniya Bashir Houston:
Ka bar rabin labarin Malam Sani. Dalilin da ya sa mutane ke son tsohuwar lamba shi ne rajista. A California motar 1975 zuwa ƙasa ba a kai ta gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci. Sabon bodi kuwa sai ka bi layin motar da aka haɗa da hannu, kowace jiha da nata sharuɗɗan, inshora ma daban. Kuma tayar da ruɓaɓɓiya da kake faɗa kamar wasa, aikin ƙarfe kaɗai zai iya cin shekara.

Hajiya Rabi Atlanta:
Lambar mota mai 318 ma tsohuwar lamba ce Injiniya, tana ba ka duk wannan sauƙin na rajista. Aikin ƙarfen kuma shi ne farashin da ya kamata mai son yanka ya biya.

Akwai wata ɓarna da ba a ambata ba. Idan aka raba mota da injinta da farantinta da takardarta, kayan nan ba ɓacewa suke yi ba, kasuwa suke shiga. Sai wani ya saya ya liƙa a jikin gama-gari ya sayar a matsayin ta gaske. Canza wa mota lamba laifi ne a dokar tarayya, amma ana yi. Chevrolet ta fi shan wannan matsalar, saboda Chevelle SS daga 1969 zuwa 1971 lambar motar ba ta nuna SS ce ko ba ita ba, kuma ba a samun bayanan masana'anta na waɗanda aka yi aka sayar a Amurka kamar yadda ake samun na Ford da Pontiac. Masu injin LS6 mai doki 450 guda 4,475 aka yi a 1970, amma duk mai ƙiyasi ya san sai ya yi taka-tsantsan da kowace aka kawo masa. Don haka Malam Sani, idan kana da fuska a wurin mai Charger ɗin nan, ka roƙe shi abu ɗaya: injin da giyabos da takardar su zauna tare da motar, a ɗauke su daga ruwan sama, duk wanda zai saya nan gaba ya karɓe su tare.

Sani Michigan:
In sha Allahu zan isar, Hajiya.

Abba Kano:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Wani ɗan'uwanmu a Texas ya ce ya ga Dodge Dart ta 1971 mai silinda shida, wata tsohuwa ce ta riƙe ta tun tana sabuwa, komai nata na kamfani, har tabarmar but. Yana so mu haɗa kuɗi mu sa mata V8. Tunda ba R/T ba ce ba SS ba, ina ga wannan ba laifi ko?

Injiniya Bashir Houston:
Ita ce daidai. Mara nauyi ce, ramin injinta zai karɓi 360 ko ƙaramin Hemi na zamani. Ko Malam Sani ba zai hana ku ba.

Alhaji Garba:
Ni zan yi magana a kanta. Kun yi ta cewa a yanka na gama-gari, na yi shiru, amma raina bai kwanta ba. Ku shiga wurin baje kolin tsofaffin motoci yau, kowace Camaro SS ce ko Z/28, kowace Chevelle mai ratsi biyu ce a bonet. Wanda bai ga zamanin ba sai ya ɗauka haka titunan suke. Alhali abin da ya cika titi shi ne irin Dart ɗin nan, mai injin 225 da ke kwance a karkace, wadda malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ke zuwa aiki da ita. Injin nan ba ya mutuwa, kowa ya san shi da haka. An yi su da yawa, gaskiya ne, amma da yake ba wanda ya ɗauke su da daraja, su aka fi kai wa injin murƙushe ƙarfe, ragowar kuma ana ta mayar da su abin da ba su ba. Wadda mutum ɗaya ya riƙe shekara 50 bai canza mata komai ba, ni a wurina ta shiga sahun waɗanda ake bari.

Injiniya Bashir Houston:
To Baba, in R/T ba a taɓawa, mai silinda shida ma ba a taɓawa, me aka bar mana?

Sani Michigan:
An bar muku mafi yawansu Injiniya: waɗanda injinsu na asali ya daɗe da tafiya, waɗanda aka taɓa yi wa karo, waɗanda wani ya fara aiki ya watsar, waɗanda tsatsa ta ci ƙasansu da ma sai an yanke. Ka duba tallace-tallace, su suka fi yawa nesa ba kusa ba. Maganar Baba ta sa na gane ba harafin da ke jikin mota kaɗai za a duba ba, har da yadda ta iso.

Injiniya Bashir Houston:
A kan Dart ɗin nan dai ban sauka ba. Samari biyu masu ɗan ƙaramin jari ba za su iya da ruɓaɓɓiya ba, kuma in ba su saya ba wani zai saya ya yi abin da ya fi haka.

Oga Ɗanlami Panteka:
Abba, tunda manya sun rabu biyu, ga shawarar bakanike. Ku saya, amma kada ku taɓa inji tukuna. Ku canza mata duk robobin birki da na mai, ku sa faranti a gaba, ku sa sababbin tayoyi, ku hau ta wata shida. In bayan nan har yanzu V8 kuke so, ku nemi mazaunin inji na ɗauri da noti, kada ku yarda a kawo giranda kusa da ita. Tsohon injin ku tsiyaye ruwansa, ku cire fulogi ku zuba baƙin mai kaɗan a kowace silinda ku juya shi da hannu, ku toshe duk ƙofofinsa, ku ɗora shi a kan katako a cikin ɗaki ba a ƙasa ba. Notuna da ƙananan kaya kuma kowane rukuni a ledarsa, a rubuta daga inda aka kwance shi.